Yadda kiɗan rokabili ya koma Amurka ta hanyar Landan

Daga ƙarshen 1982 zuwa farkon 1983, kundin waƙoƙin wasu samari uku 'yan garin Massapequa na jihar New York ya yi mako 15 a matsayi na 2 a jadawalin Billboard, inda ake jera faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka. Sunan ƙungiyar Stray Cats, kundin kuma Built for Speed. Kayan aikinsu uku ne kacal: jitar lantarki, da ƙaton bes na katako da ake kafa shi a ƙasa, da 'yan ganguna waɗanda makaɗin ke bugawa a tsaye. A lokacin kuwa na'urorin kiɗa na lantarki ne ke tashe, kowane furodusa yana neman sautin da ba a taɓa ji ba. Salon samarin nan shi ake kira rokabili, kuma a lissafin kamfanonin faifai ya fi shekara 20 da mutuwa.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne kewa, wai Amurkawa sun yi marmarin shekarun 1950. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Fim ɗin American Graffiti na 1973 da shirin talabijin na Happy Days da aka fara a 1974 sun sayar wa jama'a wani zamani mai tsafta na motoci masu sheƙi da samari masu ladabi. Sai dai wannan kewar ba ta haifi ƙungiyar rokabili ko ɗaya mai nauyi ba. Waɗanda suka tayar da kiɗan daga inda yake kwance wasu mutane ne dabam, kuma yawancin aikin ba a Amurka aka yi shi ba.

Kafin a gane abin da aka farfaɗo da shi, sai an san abin da ya mutu. Ranar 5 ga Yulin 1954, a wani ɗan situdiyo mai lamba 706 a titin Union Avenue na birnin Memphis, wani direban mota mai shekara 19, Elvis Presley, tare da Scotty Moore mai jita da Bill Black mai bes, suka ɗauki "That's All Right". Waƙar ta Arthur Crudup ce, baƙar fata mawaƙin blues daga Mississippi, wanda ya ɗauke ta tun 1946. A ɗaya fuskar faifan aka sa waƙar Bill Monroe, farar fata ɗan Kentucky mai kiɗan mutanen tsauni. Kowacce an canza mata taki: ta baƙaƙe ta fito da muryar ɗan ƙauyen farare, ta farare kuma aka zuba mata zafin kiɗan baƙaƙe. An yi wannan a garin da har lokacin yaran baƙaƙe da na farare ba sa zama aji ɗaya. Mai situdiyon, Sam Phillips, ya riga ya yi shekaru yana ɗaukar mawaƙan blues irin su Howlin' Wolf da B.B. King, don haka kunnensa ya san abin da yake nema. Carl Perkins, wanda ya biyo baya da "Blue Suede Shoes" a farkon 1956, ɗan masu noman auduga a gonar wani ne, kuma wani dattijo baƙar fata da suke aikin gona tare, John Westbrook, shi ya fara koya masa jita. Rokabili kiɗan talakawan kudancin Amurka ne, farare da baƙaƙe, waɗanda doka ta raba amma gona ɗaya da rediyo ɗaya suka haɗa.

Sautin kansa talauci ne ya gina shi. A faya-fayan Elvis na farko babu mai ganga, saboda haka mai bes ke aikin mutum biyu: ya ja tsirkiya ya sake ta ta mari katakon, sai ka ji amon bes da ƙarar bugu a lokaci guda. Phillips kuma ya haɗa na'urorin tef biyu ta yadda murya za ta dawo wa kanta cikin ƙiftawar ido, ɗan amsa-kuwwar nan da ke sa mutum uku a ƙaramin ɗaki su yi kauri a kunne. Mawaƙi yana karya murya kamar mai shaƙuwa, waƙa ba ta cika wuce minti biyu da rabi ba, an gama.

Bai daɗe ba. A Nuwamban 1955 Phillips ya sayar da kwantiragin Elvis ga kamfanin RCA kan dala 35,000. Perkins ya yi mummunan haɗarin mota a Maris na 1956, daidai lokacin da tauraronsa ke haskawa. A 1958 aka ɗauki Elvis soja, Jerry Lee Lewis kuma ya faɗi warwas bayan an gano ya auri 'yar danginsa mai shekara 13. Buddy Holly ya mutu a haɗarin jirgin sama a Fabrairun 1959, Eddie Cochran a haɗarin mota a Ingila a Afrilun 1960. Waɗanda suka rage, wasu suka koma kiɗan country, wasu suka koma tuƙin mota da aikin masana'anta. Kamfanoni suka juya ga samari masu taushin murya waɗanda iyaye ba za su tsorata da su ba.

A Birtaniya kuwa wutar ba ta mutu ba. Gene Vincent, wanda ya ji rauni a haɗarin da ya kashe Cochran, ya koma can da zama na wasu shekaru domin can ake neman sa. Beatles sun sake rera waƙoƙin Perkins har guda uku a faya-fayansu. Akwai kuma 'yan Teddy Boys, samarin unguwannin ma'aikata masu dogayen kwat da takalma masu kaurin ƙasa, waɗanda suka ƙi yarda cewa zamani ya wuce. A Agustan 1972 suka cika filin wasa na Wembley don ganin Chuck Berry da Little Richard da Jerry Lee Lewis da Bill Haley.

Amma aikin da ya fi tasiri shi ne na masu tonon faifai. A 1969 Phillips ya sayar da kamfaninsa na faifai mai suna Sun ga Shelby Singleton, aka buɗe rumbun tef-tef ɗin da suka yi shekaru a ajiye. Daga tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Charly a Ingila da Bear Family a Jamus suka shiga sake buga tsofaffin waƙoƙi, har da waɗanda ba a taɓa fitarwa ba. Yaron da ke Landan ko Hamburg a 1976 ya iya jin rokabili fiye da yadda ɗan Memphis ya ji shi a 1956. Misalin da ya fi ban mamaki shi ne na Hank Mizell. Ya ɗauki "Jungle Rock" a 1958, ba wanda ya kula. A 1976 Charly ya sake fitar da ita, ta kai matsayi na 3 a Birtaniya, mai waƙar yana can Amurka ya daɗe da barin harkar. Ƙungiyoyin gida suka taso, irin su Crazy Cavan and the Rhythm Rockers daga Wales da Matchbox. Ko a cikin Amurka, mutumin da ya fi kowa ɗawainiya da kiɗan a waɗannan shekaru baƙo ne: Ronny Weiser, haifaffen Italiya, wanda ya kafa ɗan kamfanin Rollin' Rock a Los Angeles, yana ɗaukar waƙa a gidansa. Shi ya nemo Ray Campi, tsohon mawaƙin rokabili daga Texas wanda ya koma koyarwa a makaranta, ya mayar da shi gaban makirfo.

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai an samu mai ciwo. Masu ciwon su ne 'yan punk. A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rock ya yi ƙiba: waƙa ɗaya minti 15, kayan kiɗa tirela-tirela, mawaƙa suna nesa da jama'a a manyan filayen wasa. Samarin da suka tayar da punk a New York da Landan sun so komawa ga waƙa gajera, mai sauri, wadda kowa zai iya yi da jita mai araha. Da suka waiwaya neman wanda ya riga su, sai suka tarar da Memphis ta 1955. Dangantakar ba ta rasa rikici ba, domin a 1977 'yan Teddy Boys da 'yan punk sun sha ba hamata iska a titin King's Road na Landan. Duk da haka Malcolm McLaren, manajan ƙungiyar punk ta Sex Pistols, da sayar da tufafin Teddy Boys ya fara a kan wannan titin, kuma Sex Pistols sun fitar da waƙoƙin Eddie Cochran guda biyu a 1979. A ganina nan ne asalin farfaɗowar yake. Rokabilin shekarun 1980 ɗan punk ne kamar yadda yake jikan Sun, shi ya sa ya fi na asali sauri da ƙara da tsiwa.

A New York, Robert Gordon ne ya fara nuna hanyar. Yana waƙa da ƙungiyar Tuff Darts a kulob ɗin CBGB, matattarar 'yan punk, sai ya bar su ya haɗa kai da Link Wray, tsohon makaɗin jitar da ya yi "Rumble" a 1958. Kundinsu na farko ya fito a 1977, shekarar da Elvis ya rasu. Gordon yana da murya mai zurfi da cika wadda ba ta da na biyu a tsararsa, Bruce Springsteen ma ya ba shi waƙa, amma bai taɓa samun babbar kasuwa ba har ya rasu a 2022. Ya zo da wuri, kafin talabijin ta shirya masa. A gefe guda kuma akwai The Cramps, ta Lux Interior da Poison Ivy, da aka kafa a 1976. Su ɓangaren hauka na rokabili suka ɗauka, faya-fayan ƙananan kamfanoni da ba wanda ya saya, suka gauraya da finafinan ban tsoro masu araha. Sun je har Memphis sun ɗauki kundinsu na farko a situdiyon iyalan Phillips. Daga gare su, da ƙungiyar The Meteors ta Landan, reshen da ake kira saikobili ya tsiro.

Stray Cats sun fara a 1979 suna wasa a mashayun Long Island, inda ba a san inda za a ajiye su ba. A 1980 suka tattara suka tafi Landan, saboda sun ji labarin akwai masu sauraro a can. Brian Setzer mai jita na da shekara 21, Lee Rocker mai bes da Slim Jim Phantom mai ganguna ba su kai 20 ba. Cikin 'yan watanni labarinsu ya bazu a kulob-kulob, Dave Edmunds, ɗan Wales wanda ya yi shekaru yana nazarin sautin Sun, ya karɓi aikin furodusa. "Runaway Boys" da "Rock This Town" duk sun kai na 9 a Birtaniya, Rolling Stones kuma suka ɗauke su buɗe wasu wasanninsu a Amurka a 1981. Built for Speed da Amurkawa suka yi rububin saye a 1982 tsince-tsince ne daga kundaye biyu da aka riga aka fitar a Ingila. Wato sai da Landan ta sa hannu kafin gida ya karɓa.

Abu na biyu da ya ɗaga su shi ne MTV, tashar bidiyon waƙoƙi da aka buɗe ranar 1 ga Agustan 1981. Tashar na yunwar bidiyo, kuma tana son fuskokin da ido zai riƙe. Stray Cats sun zo da bidiyonsu a hannu, ga zanko a goshi da ya sha man gashi, ga zane a damatsa, ga mai bes yana hawa kan bes ɗinsa yana kaɗawa. "Stray Cat Strut" ta kai na 3 a Amurka a 1983. Masu tsattsauran ra'ayin rokabili sun raina su, suna cewa kwalliya ce kawai, kuma a nan ban yarda da su ba. Setzer makaɗin jita ne na gaske, wanda ya san jazz, yana iya saka abin da Cliff Gallup na ƙungiyar Gene Vincent ya yi a 1956 ya kuma ƙara nasa a kai. Jitarsa ƙirar Gretsch 6120, irin ta Eddie Cochran, ta dawo da martabar kamfanin da ya kusa shuɗewa. Lee Rocker kuma ɗan gidan kiɗa ne: mahaifinsa Stanley Drucker shi ne babban mai busa kilarinet a ƙungiyar New York Philharmonic. Mutum uku ne suka cika filin da wasu ke buƙatar mutum goma, kuma wannan ba ya samuwa da man gashi.

Duk da haka, idan aka tambaye ni ƙungiyar da ta fi fahimtar abin da ta gada, The Blasters zan ce. 'Yan uwa biyu, Phil da Dave Alvin, sun taso a Downey kusa da Los Angeles, 'ya'yan wani jami'in ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan ƙarfe. Tun suna yara suke bin kulob-kulob don ganin tsofaffin mawaƙan blues, har suka saba da Big Joe Turner da T-Bone Walker, suka koya daga bakinsu kai tsaye. Da suka kafa ƙungiya a 1979 tare da John Bazz da Bill Bateman, Ronny Weiser ne ya ɗauki kundinsu na farko a garejinsa, aka fitar a 1980 da sunan American Music. Sunan da kansa matsaya ce: sun ƙi a tsare su a akwatin rokabili, domin a wurinsu blues da country da kiɗan New Orleans da na iyakar Meziko duk gida ɗaya ne. Daga baya suka ɗauko Lee Allen, baƙar fata mai busa saksofon wanda ya yi busa a faya-fayan Little Richard da Fats Domino, ya zama ɗan ƙungiya. Wannan shi ne muhimmin bambanci. Yawancin ƙungiyoyin farfaɗowa daga faifai suka koyi kiɗan. Blasters suna tsaye a dandali ɗaya da mutumin da ya yi shi tun farko.

Dave Alvin kuma bai tsaya rubuta waƙoƙin mota da 'yan mata ba. Ya rubuta kan ma'aikacin da masana'anta ta rufe a kansa, da mutanen da suka baro kudu neman abinci, a daidai shekarun farko na mulkin shugaban Amurka Reagan da rashin aikin yi ya yi tsanani. Suna wasa a kulob ɗaya da ƙungiyoyin punk irin su X, kuma su suka buɗe wa Los Lobos da Dwight Yoakam ƙofa a Los Angeles. Kasuwa ba ta saka musu ba. Waƙarsu "Marie Marie" sai a bakin Shakin' Stevens ta yi tashe a Birtaniya a 1980, kuma a 1986 Dave ya bar ƙungiyar bayan shekaru na saɓani da yayansa.

Akwai tabon da bai kamata a rufe ba. Da rokabili ya zama ado, sai aka riƙa tuna rabin tarihinsa ana mance rabi. Tutar 'yan tawayen kudancin Amurka, ta jihohin da suka yi yaƙi don riƙe bauta, ta zama tambari a jaket da bel na masoya da dama, musamman a Turai, wai alamar taurin kai ce kawai. A kundin Stray Cats na farko akwai "Ubangi Stomp", waƙar Warren Smith ta 1956, wadda ta ɗauki sunan kogin Ubangi na tsakiyar Afirka ta zana mutanen nahiyar a matsayin abin dariya. A 1956 ana iya cewa jahilcin zamani ne. A 1981 uzurin ya yi rauni. Arthur Crudup kuwa, wanda da waƙarsa aka buɗe wannan babi gaba ɗaya, ya rasu a 1974 cikin talauci, bai karɓi haƙƙin waƙoƙinsa da ya yi ta nema ba. Kiɗan da aka haifa daga cuɗanyar baƙaƙe da farare ya dawo a shekarun 1980 kusan fari fat, a dandali da kuma cikin 'yan kallo. Wannan ya rage masa jini, kuma ina ganin yana cikin dalilan da suka sa yawancin ƙungiyoyin suka riƙa maimaita kansu.

Tashen kasuwa bai wuce shekara huɗu ba. Queen sun kai na 1 a Amurka a farkon 1980 da "Crazy Little Thing Called Love", wadda aka gina kan salon. Neil Young ya fitar da kundin rokabili a 1983, kamfaninsa Geffen ya maka shi a kotu yana neman sama da dala miliyan 3, wai yana yin kiɗan da bai yi kama da nasa ba. Stray Cats suka watse a 1984. Sun sake haɗuwa sau da dama, har da kundin cika shekara 40 a 2019, Setzer kuma ya sake tashe a 1998 da babbar ƙungiyar masu busa, amma rokabili bai ƙara hawa saman jadawali ba.

Abin da farfaɗowar ta bari ya fi jadawali amfani ga tsofaffin da ke raye. Carl Perkins ya yi wasan talabijin a Landan a 1985, George Harrison da Ringo Starr da Eric Clapton suna gefensa, Lee Rocker da Slim Jim suna kaɗa masa. Ronnie Dawson na Texas, wanda ya koma rera tallace-tallace, masoyan Ingila suka dawo da shi, ya yi mafi kyawun faya-fayansa bayan ya manyanta. Wanda Jackson, macen da ta fi kowa suna a rokabilin farko, Rosie Flores ta jawo ta cikin kundinta na 1995. A 2009 aka shigar da ita zauren karrama mawaƙan rock and roll na Cleveland, a 2011 kuma Jack White ya yi mata furodusa tana da shekara sama da 70.

Sabbin ƙungiyoyi suka rabu gida biyu. Reverend Horton Heat daga Dallas, da aka kafa a 1985, ya bi hanyar ƙara da gudu har ya shiga kamfanin Sub Pop, wanda ya fara fitar da Nirvana. Big Sandy and His Fly-Rite Boys a Kalifoniya da High Noon a Austin suka koma baya, suna neman tsofaffin makirfo da na'urorin tef don sautin ya fito yadda yake a 1955. Babban taron masoya a yau shi ne Viva Las Vegas, da aka fara a 1998, kuma wanda ya kafa shi, Tom Ingram, ɗan Ingila ne da ya koyi shirya irin wannan biki a ƙasarsu. A kudancin Kalifoniya kaso mai yawa na masu cika wuraren rawa yanzu 'ya'yan Meziko ne da sauran 'yan Latin Amurka, kuma kamfanin Wild Records, wanda Reb Kennedy ɗan Ireland ya kafa a Los Angeles, yawancin mawaƙansa daga cikinsu suke, wasu suna rera rokabili da Sifaniyanci.